Babi na Bakwai: Haɗa Keke Marar Firi Domin Doguwar Tafiya

A jikin ƙafar baya ta keken da muka saba hawa akwai ɗan faranti mai haƙora wanda sarƙa take ja, a cikinsa kuma akwai abin da masu gyara suke kira firi. Firi ne yake ba mahayi damar tsayar da ƙafafunsa keke ya ci gaba da gudu. Keken da za mu koyi haɗawa a wannan babi ba shi da firi, domin an ɗaure ƙaramin farantin a jikin cibiyar ƙafar baya kai tsaye, ta yadda muddin taya tana juyawa, feda ma tana juyawa. Wanda ya taɓa ɗinki da keken ɗinki na ƙafa ya san wannan hali, inda matakin da babbar ƙafar suke tafiya tare, ɗaya ba ya motsi sai da ɗayan.

Amfaninsa ga mazauna Mai Wurno, Sinnar, Wad Madani da ƙauyukan Jazira, a nan ƙasar Sudan, a fili yake. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, mutum yakan yi yini yana tafiya a gefen magudanan ruwan noma bai gamu da tudun kirki ba, saboda haka giya ɗaya ta wadatar. Ƙurar da iskar habub take kawowa takan shiga cikin firi ta haɗu da mai ta daskare, sai ka ga mutum yana murza feda keke ya ƙi tafiya, alhali yana nesa da gari. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 man fetur da kayan gyara suka yi tsada, keke ya koma abin dogaro ga magidanta da yawa, kuma keken da ba shi da tarkacen da za su lalace shi ne ya fi dacewa da irin wannan lokaci. Kada a ɗauka giya ɗaya ba ta kai mutum nesa. Gasar tseren keke ta zagaye ƙasar Faransa ta fara a 1903, kuma sai a 1937 aka yarda manyan 'yan tserenta su yi amfani da na'urar sauya giya. Sai dai ba na ba kowa shawarar ya bi gangaren da ke tsakanin Sinkat da Sawakin da irin wannan keke, domin a gangara mai tsawo feda takan yi saurin da ƙafa ba ta iya bi.

Gangar jiki da ƙafar baya

Abin da za a fara dubawa a jikin firam shi ne wurin da sandar ƙafar baya take zama. Dole ya kasance doguwar tsaga a kwance, wadda za a iya matsar da ƙafa gaba ko baya a cikinta, domin da haka ne ake ɗame sarƙa. Tsofaffin kekuna irin Phoenix da Raleigh, masu taya inci 28, suna da wannan tsaga, har da 'yan ƙusoshi biyu na jan ƙafa baya. Yawancin kekunan zamani masu giya da yawa tsagarsu a tsaye take, ba su dace da wannan aiki ba. A wanke firam, a duba kowace mahaɗa da kyau cikin hasken rana, wanda aka ga yana da tsagewa ko ya lanƙwashe a bar shi komai arharsa.

Wurin da ya fi kowane muhimmanci a aikin nan shi ne cibiyar ƙafar baya, kuma a nan ne ake yin kuskuren da yake jefa mutane a ƙasa. Cibiyar da aka ƙera domin keke marar firi tana da zaren murzawa hawa biyu. Na ciki shi ne mai faɗi, a kansa ake murza ƙaramin faranti zuwa dama kamar kowane noti. Na waje ya fi shi ƙanƙanta, a kansa ake murza wani zoben ƙarfe na kulle, wanda yake ɗauruwa zuwa hagu. Dalili kuwa shi ne, idan mahayi ya danne feda baya domin rage gudu, farantin yakan nemi kwancewa, amma juyin da yake kwance faranti shi ne yake ƙara ɗaure zoben, sai su riƙe juna.

Wasu sukan kai tsohon firi wurin mai walda a liƙe cikinsa, su ce sun sami keke marar firi a kuɗi kaɗan. Wannan dabara ce mai haɗari, ina kuma roƙon ɗalibai su guje ta. Walda ta hana cikin firi juyawa, amma ba ta hana shi kwancewa daga jikin cibiya ba, tunda babu zoben kulle, kuma zai kwance ne daidai lokacin da mutum ya danne feda da ƙarfi yana neman tsayawa. Wanda ya sami hali ya nemi cibiya mai fuska biyu, gefe ɗaya kafaffen faranti, ɗaya gefen firi. Idan gajiya ta kama shi a hanya sai ya kwance ƙafar ya juya ta ya ƙarasa tafiyarsa da firi.

Wajen ɗaurawa, a shafa giris kaɗan a zaren, a murza faranti da hannu har ya zauna, a ɗaure shi tamau, sannan a sa zoben. Bayan hawan farko a sake ɗaure zoben, domin ƙarfin ƙafa yakan ƙara shigar da faranti ciki ya bar 'yar rata a tsakaninsu.

Lissafin haƙora

A nan ne karatu da lissafin da muke koya a aji za su yi mana aiki. Ka ƙirga haƙoran babban faranti na gaba, ka ƙirga na ƙaramin na baya, ka raba na gaba da na baya. Idan na gaba 44 ne, na baya 20, amsar ita ce 2.2, wato duk lokacin da feda ta zagaya sau ɗaya taya ta zagaya sau biyu da ɗan ɗoriya. Sannan ka auna tayarka. Ka yi mata alama da gawayi a inda ta taɓa ƙasa, ka yi wata alamar a ƙasan, ka tura keke har alamar ta dawo ƙasa, ka auna tsakanin wuraren biyu. Taya inci 28 takan ba da kimanin mita 2.2. Idan ka ninka 2.2 da 2.2 za ka sami mita 4.84, wannan ita ce tazarar da kowace murzawa ɗaya take ci. Mutumin da yake murzawa sau 70 a minti ɗaya zai ci kimanin mita 339 a minti, wato kusan kilomita 20 a sa'a guda, kuma wannan gudu ne mai kyau ga mai kaya.

Da za a sa faranti mai haƙora 16 a baya, kowace murzawa za ta ci mita 6 da 'yan kai. Matasa sun fi son wannan domin yana gudu a kan kwalta, amma ga doguwar tafiya nauyinsa yana cin gwiwa. Ka tuna da iska. A lokacin sanyi daga arewa take kaɗowa, saboda haka wanda ya tashi daga Sinnar ya nufi Wad Madani zai yi ta karo da ita tun daga farko har ƙarshe, da damina kuma sai ta juyo daga kudu maso yamma. Mai giya ɗaya ba shi da abin da zai sauya idan iska ta tare shi. A ganina, 44 da 20 ko 44 da 19 sun fi dacewa da mai ɗaukar kaya, 44 da 18 kuma ga mai ƙarfi wanda ba ya ɗauke da komai sai ruwa.

Sarƙa, birki da sirdi

Faranti na gaba da na baya su kasance a kan layi ɗaya. Ka tsuguna a bayan keke ka hango sarƙa, idan ta karkata za ta riƙa ƙara, tana cin haƙora, wata rana kuma ta zame. Zamewar sarƙa a wannan keke ba ƙaramin abu ba ne, domin tana iya naɗewa ta cije ƙafar baya nan take. Wajen ɗamewa, ka juya feda a hankali ka nemo inda sarƙa ta fi tauri, tunda babu farantin da yake a zagaye cif, sannan ka daidaita ta yadda a tsakiya za ta iya motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya. Ka ɗaure notunan biyu da sifana mai lamba 15, kaɗan a dama kaɗan a hagu, kana lura taya ta zauna a tsakiyar firam.

Idan ka kifa keke kana shafa wa sarƙa mai, ka nesanta yatsunka da tsumma daga haƙora, ka kuma kori yara daga wurin. Ƙafar da take juyawa ba ta barin sarƙa ta tsaya, kuma tana iya datse yatsa. Haka nan bakin jallabiya ko na wando idan ya shiga sarƙa ba za ka iya tsayar da feda ka zare shi ba. A bar murfin sarƙa a wurinsa, a naɗe jallabiya a ɗaure a ƙugu, a kuma ɗaure bakin wando na dama.

Akwai masu cire birki suna cewa ƙafa ta isa ta tsayar da keke. Ba ta isa ba. Birkin gaba shi ne yake da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, ga mai doguwar tafiya da kaya kuma na baya ma wajibi ne, domin ƙafar da ta yi sa'a biyar tana aiki ba ta da sauran ƙarfin da za ta tare keke idan jaki ko yaro ya faɗo hanya. A sa sabuwar robar birki gaba da baya. Feda ta hagu zarenta na hagu ne, kada a tilasta mata. A riƙa duba ƙusar da take ɗaure hannun feda a tsofaffin kekuna, domin dannawa gaba da baya tana saurin sassauta ta. Maɗaurin ƙafa a kan feda yana hana ƙafa suɓucewa, amma sabon shiga ya jira sai ya saba kafin ya sa.

Daga Mai Wurno zuwa Wad Madani ya haura kilomita 100, wato gwiwa za ta lanƙwashe ta miƙe fiye da sau 20,000 ba tare da hutu ba. Shi ya sa tsayin sirdi ba abin wasa ba ne. Ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, idan ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsayin ya yi daidai.

Kayan hanya

Babban abokin gabar taya a ƙasarmu shi ne ƙaya, musamman ta muskit da ta tsidau. A sayi taya mai kauri, a cika ta da iska sosai, wasu kuma sukan yanke gefen tsohuwar taya su shimfiɗa ta a ciki tsakanin sabuwar da tub. Jakar gyara ta ƙunshi famfo, faci da sholisho, tub guda sabo, sifana mai lamba 15, ƙarafan cire taya, da 'yan gaɓoɓin sarƙa. A raba kaya gida biyu daidai a rataye su ƙasa-ƙasa a gefen kariya, kada igiya ta yi lilo kusa da wayoyin ƙafa.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce maki 40, saboda haka a tashi bayan sallar asuba, a sauka a inuwa kafin rana ta take, a ci gaba bayan la'asar. Kada ruwan da yake tare da kai ya gaza lita 3, ka kuma riƙa kurɓa tun ƙishirwa ba ta kama ka ba. Idan gumi ya yi yawa, a zuba cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Dabino da gyaɗa sun isa guzuri. Komai zafi kada ka sha ruwan magudanan Jazira ko ka shiga wanka a ciki, domin cutar tsargiya ta daɗe da zama a cikinsu. Da damina kuma baƙar lakar nan takan toshe tsakanin taya da firam har keke ya ƙi motsi, sai a bi kwalta ko a jira ƙasa ta sha iska. A kan babban titi ka tsare gefen dama, ka sa fitila fara a gaba da ja a baya saboda manyan motoci, kuma a halin da ake ciki ka tambayi lafiyar hanya wurin waɗanda suka biyo ta kwanan nan, takardar shaidarka tana aljihu.

Hawan farko a yi shi a fili inda babu mota. Kowane sabon mahayi yakan manta ya tsayar da ƙafa, sai feda ta ɗaga shi daga sirdi. Idan haka ta faru ya saki ƙafafunsa su bi juyin, kada ya yi taurin gwiwa. A rage gudu kafin kwana, domin feda ba ta tsayawa, kuma idan keke ya kwanta da yawa tana iya dukan ƙasa. A fara da kilomita 10, a koma 20, sannan 40, ana duba zoben kulle da sarƙa bayan kowace fita.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya ƙirga haƙoran farantai biyu na keken gidansu ko na maƙwabcinsa, ya auna tayarsa da gawayi da igiya kamar yadda aka nuna, ya rubuta mita nawa keken yake ci a murzawa ɗaya. Sannan ya lissafa sau nawa zai murza feda daga ƙofar gidansa zuwa kasuwar mako mafi kusa, ya kawo amsar a rubuce ranar darasi na gaba.