Sayen irin dankalin Turawa da adana shi a lokacin hunturu

A ƙasashen sanyi irin su Ingila, irin dankali yana shigowa shaguna daga Janairu, shuka kuma sai Maris ko Afrilu. A tsakanin nan ne iri ke lalacewa.

1. Sayi iri mai takardar tantancewa. Dankalin miya na kanti ba iri ba ne: sau da yawa an sa masa maganin hana tsiro, kuma yana iya ɗauke da cutar da ido ba ya gani.

2. Zaɓi mai girman ƙwan kaza, mai tauri. Wanda ya yi laushi ko yake wari, bar musu kayansu.

3. Da isa gida, fitar da shi daga leda. Gumi ke kawo ruɓa.

4. Saura mako shida a shuka, jera shi a kwalin ƙwai, ɓangaren da ya fi yawan ido (ƙananan ramukan da tsiro ke fitowa daga cikinsu) yana sama. Ajiye shi inda akwai haske amma rana ba ta dukansa, sanyin wurin kusan digiri 7 zuwa 10. Nan aka fi kuskure. A duhu ko kusa da hita, tsiron zai fito fari, dogo, siriri, da an taɓa ya karye. Wanda ake so gajere ne, mai kauri, kore ko shuni, kamar santimita 2. Idan kuma sanyi ya daskarar da shi, zai koma ruwa-ruwa, ya tashi aiki.

5. Duba shi kowane mako, ka cire ruɓaɓɓe kafin ya shafi na kusa da shi.