Yadda ake bin sawun mota mai wuyar samu, a tantance ta kafin a biya

Duk wanda ya ce mini yana neman wata mota da ba a cika gani ba, tambayar da nake fara yi masa ita ce: me ya sa ta yi wuyar samu? Da yawa sai su yi shiru, alhali amsar ce ke nuna inda za a dosa.

Akwai motar da tun asali kaɗan aka ƙera. Ferrari 250 GTO guda 36 ce kacal aka yi daga 1962 zuwa 1964, Bugatti Royale kuwa guda 6. Irin waɗannan kowace an san inda take kwana da wanda ke riƙe da makullinta, sai dai ka jira mai ita ya gaji ko magadansa su fitar. Akwai wadda dokar tsere ta haifa. A shekarun 1980 sai kamfani ya ƙera guda 200 na hawa kan titi kafin a bar motarsa ta shiga rukunin B na tseren daji, shi ya sa aka samu Peugeot 205 Turbo 16 da Ford RS200. Akwai kuma wadda ƙaddara ta rage. Kamfanin Tucker ya durƙushe bayan ya ƙera 51, shi kuma Chrysler ya yi guda 55 na motarsa mai injin irin na jirgin sama a 1963 da 1964, ya ba jama'a suka gwada, sannan ya karɓe ya lalata 46 da hannunsa. Tara da suka tsira yawancinsu na gidajen tarihi, kada ka ɓata lokacinka a kansu.

Kashi na ƙarshe shi ne ya fi burge ni: motar da aka ƙera dubbai, kowa ya raina ta, tsatsa da masu sayen ƙarafa suka cinye ta, har aka wayi gari ta fi wasu Ferrari wuyar gani. A nan ne mai matsakaicin ƙarfi yake da rabo.

Da zarar ka san kashin da motarka take, daina bin tallace-tallace kawai, ka koma bin lamba. Kowace mota tana da lambar shasi, kuma a wannan harka lambar ita ce sunan motar. Masana ba sa cewa "jar GTO ɗin nan", cewa suke 3413GT, wato wadda aka sayar dala miliyan 48.4 a gwanjon Monterey da ke Amurka a 2018. Kusan duk ƙirar da ake ji da ita tana da ƙungiyar masu ita, kuma a cikin ƙungiyar za ka tarar da wani dattijo da ya ƙarar da rayuwarsa yana tara rajista: lamba kaza ta fita daga masana'anta da launi kaza, aka kai ta ƙasa kaza, ta ratsa hannun wane da wane. Shiga ƙungiyar tun kafin ka mallaki motar, ka biya kuɗin zama mamba, ka rubuta wa mai rajistar cikin ladabi, ka faɗi ainihin abin da kake nema da iya ƙarfinka. Motoci masu kyau sukan canza hannu tsakanin 'yan ƙungiya ba tare da an taɓa tallata su ba. Wadda ta daɗe tana yawo a intanet babu mai saye, galibi masu sani sun riga sun gani sun kau da kai, kuma da dalili.

Labarin tsintuwa a tsohuwar rumfa yana faruwa, ban musa ba. Tarin motocin Roger Baillon da aka buɗe a yammacin Faransa, kusan guda 60, an yi gwanjonsu a birnin Paris a Fabrairun 2015, kuma wata Ferrari 250 GT California da aka zaƙulo daga ƙarƙashin tulin tsofaffin mujallu ta haura yuro miliyan 16. Amma don abin ba ya faruwa kullum ne duniya ta ɗauka. Kada ka gina shirinka a kai.

To, an ce ga motar. Kada ka yi saurin sayen tikitin jirgi. Nemi hotuna uku tukuna: lambar shasi inda aka buga ta a jikin ƙarfe, lambar inji, da farantin da masana'anta ta liƙa. Sai kwafin duk wata takarda da mai motar ke da ita. Idan ya fara kwana-kwana a kan wannan, ciniki ya ƙare tun ba a fara ba.

Motar da aka ƙera daga 1981 zuwa yau, musamman don kasuwar Amurka, lambarta mai haruffa da alƙaluma 17 ce. Babu I, babu O, babu Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. A tsarin Amurka, na goma shi ke nuna shekarar ƙira, na tara kuma lissafi ne da ake fitarwa daga sauran, saboda haka wanda ya sauya alƙalami ɗaya lissafin zai tona masa asiri. Wadda ta girmi 1981 kuwa, kowane kamfani da tsarinsa, dole ka koma ma'ajiyar kamfanin. Mercedes-Benz na da katin bayanai na motocinsa, mai ɗauke da lambar inji da launi da kayan da aka ɗora tun daga masana'anta. Ferrari ya buɗe sashen Classiche a 2006, suna duba mota su ba ta jan littafin shaida. Lamborghini ya buɗe nasa, Polo Storico, a 2015. Ga motocin Birtaniya, gidan tarihin motoci na Gaydon yana ba da takardar shaida daga tsofaffin littattafan masana'antu. Ford na Amurka daga 1967 akwai rahoton Marti, wanda zai gaya maka har guda nawa aka yi da irin wannan launi da wannan inji.

Ga inda mutane ke zamewa. Yawancin waɗannan takardu cewa suke yi "mota mai lamba kaza ta fita daga masana'anta a haka". Ba su ce ƙarfen da ke gabanka shi ne waccan motar ba. Haɗa takardar da ƙarfen aikinka ne, kuma shi ne aikin gaba ɗaya.

Abin da nake yi shi ne in ɗauki farar takarda in jera shekaru, tun daga ranar ƙira har zuwa bana, in rubuta a gaban kowace shekara inda motar take da shaidar da ta nuna haka: rasidin gareji, tsohuwar rajista, takardar kwastam, hoton tsere, wasiƙa. Sai in zuba wa giɓin ido. Giɓin shekara biyu ba komai ba ne. Giɓin shekara ashirin da ya fara da mummunan haɗari ya ƙare da mota sabuwa fil, wannan sai an yi mini bayani. Dalili kuwa, motar tsere idan ta daku, a da can sai a yar da shasin a sa sabo. Daga baya wani ya tsinci tsohon shasin ya gina mota a kai, wani kuma yana riƙe da inji da bodi da takardu, sai ga motoci biyu suna jayayya a kan lamba ɗaya. Ko manya ba su tsira ba. Bugatti Type 57 Atlantic guda 4 aka ƙera. Ɗaya, baƙar da ake kira La Voiture Noire, ta ɓace tun wajejen farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Wata kuma, mai lamba 57473, jirgin ƙasa ya banke ta a 1955, aka sake gina ta daga abin da ya saura, kuma har yau masana na muhawara kan nawa ne na asali a jikinta.

Sai kuma waɗanda kamfani da kansa ya ƙera daga baya. Jaguar ya kammala XKSS guda 16 kafin gobarar 12 ga Fabrairun 1957 ta cinye 9 a masana'antarsa ta Browns Lane da ke Coventry. Bayan kusan shekara 60 ya ƙera waɗancan 9 ɗin sabbi. Halal ne, ba jabu ba ne, amma ba 'yan 1957 ba ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Matsalar na tasowa ne a hannu na uku ko na huɗu, lokacin da mai sayarwa ya fara "mantawa" da faɗin haka. Ƙirar da aka fi kwaikwayo kuwa, irin su Shelby Cobra da Porsche 911 Carrera RS 2.7 ta 1973, wadda guda 1,580 aka yi, ni kowace na gani ina ɗaukarta kwaikwayo ce har sai ta gamsar da ni.

Idan takardu sun tsaya da ƙafarsu, sai a je a gani. Tafi da makaniken da ya san wannan ƙirar takamaimai, wanda kai ne ka biya shi, ba dillali ba. Ku je da safe, ka roƙi kada a tayar da injin kafin isowarku, ka ɗora tafin hannu a kansa ka ji ko da ɗumi. Injin da aka ɗuma yana ɓoye hayaƙi da ƙarar da zai yi in da a sanyaye aka tayar da shi.

Wajen lambar shasi kuwa a nan nake durƙusawa. Ka goge wurin da tsumma, ka kwantar da tocila ta haska ƙarfen daga gefe, kada ka haska kai tsaye. Hasken gefe yana fito da abin da ido ba ya gani: ɗan lotsawa inda aka goge tsohuwar lamba, layukan dutsen gurza, alƙalami ɗaya da ya fi 'yan'uwansa zurfi ko ya ɗan karkace. Kwatanta siffar alƙaluman da hoton wata mota ta gaskiya da aka ƙera kusa da ita, domin kowace masana'anta da yadda 3 ɗinta da 7 ɗinta suke. Sannan ka zura hannu ta bayan ƙarfen ka shafa. Idan an yanko gunkin da ke ɗauke da lambar daga wata matacciyar mota aka liƙa a nan, ta gaba za a iya gyare shi sumul, amma ta baya yatsa zai ci karo da tudun walda zagaye da wurin. Ga mota mai tsadar gaske akwai masu gwajin da ke fito da gogaggiyar lamba, don bugun yana barin tabo can cikin ƙarfen, akwai kuma masu auna sinadarin ƙarfe su faɗa ko ya dace da na zamanin.

Fenti ma yana magana. Na'urar auna kaurinsa ba ta da tsada, ka bi bodin da ita kana rubutawa, duk inda adadin ya yi tsalle ya ninka sau uku ko huɗu akwai ciko a ƙasa. Maganaɗisu na yin wannan aikin a gurguje, amma ka tuna ba ya kama alminiyam, kada ka zargi bodin alminiyam a banza. Ni dai na fi son tsohon fenti da ya dushe da kujerar fata da ta tsattsage, muddin na asali ne, a kan mota mai sheƙi da aka sake komai nata. Wannan ra'ayina ne, akwai masu ganin akasin haka.

Kafin kuɗi ya motsa, bincika ko ta sata ce, a ƙasar da take da duk ƙasashen da ta ratsa. A Afrilun 1995 aka sace Ferrari F512 M ta direban tsere Gerhard Berger a Imola ta Italiya. Ba a gano ta ba sai a 2024, bayan kamfanin Ferrari ya duba wata mota da wani mai saye daga Amurka ke shirin ɗauka ta hannun dillali a Birtaniya, ya sanar da 'yan sandan Landan. A ƙasashe da dama, daɗewar sata ba ta halatta wa mai saye, ko da bai sani ba.

Duba kuma ko ƙasarka za ta bar ta ta shigo. Amurka ba ta barin motar da ba a ƙera bisa ƙa'idarta ba sai ta cika shekara 25, shi ya sa Nissan Skyline GT-R R34 ta 1999 sai a 2024 ta samu damar shiga a sake. Porsche 959 ta Bill Gates shekara 13 ta yi a hannun kwastam, har aka kafa doka a 1999 da ta bar irinta su shigo bisa sharaɗin kada su wuce mil 2,500 a shekara. Wasu ƙasashen akasin haka suke, tsohuwar mota ce suke hanawa, wasu kuma ɓangaren sitiyari suke dubawa. Idan daga Japan za ta fito, nemi takardar gwanjo, inda harafin R ke nufin an gyara ta bayan haɗari, da takardar fitarwa mai ɗauke da adadin kilomitar da motar ta yi a lokacin dubawar baya.

Kayan gyara ba su kai yadda ake tsoro ba a wasu wurare, a wasu kuma sun fi. Ƙananan kamfanoni aro suke yi: fitilun bayan Aston Martin DB7 na Mazda 323F ne, fitilun gaban Lamborghini Diablo ta ƙarshe-ƙarshe na Nissan 300ZX ne, madubin Jaguar XJ220 kuma na Citroën CX. Wanda ya san haka ya huta. Abin da ke zaunar da mota shi ne wanda ba shi da ɗan'uwa a wata: gilashin gaba, kwamfutar inji, taya. Masu XJ220 sun yi shekaru babu sabuwar taya mai girmanta, sai wajen 2016 kamfanonin taya suka sake ƙerawa. Tambayi 'yan ƙungiya abubuwa uku da suka fi wuyar samu a wannan ƙirar, ka tabbatar suna jikin motar lafiya lau kafin ka saya.

Idan a gwanjo ne, ka tuna kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne ƙarshe ba, akwai la'adar gidan gwanjo da takan kai kashi 10 ko fiye, ga haraji da jigila da inshora. Idan hannu da hannu ne, kuɗin ya zauna wurin amintaccen ɗan tsakiya har motar da takardunta su iso. A rubuta lambar shasi da ta inji a cikin yarjejeniyar, tare da jumla ƙarara cewa mai sayarwa ya tabbatar su ne na asali, kuma zai mayar da kuɗi idan bincike ya nuna akasin haka. Tsofaffin takardun kuma na ainihi za ka karɓa, ba kwafi ba, kuma kada a sa su cikin motar a kwantena, a aiko su daban.