Babi na Shida: Ciwon Fargaba da Yadda Ake Ɓoye Shi

Darasi na 1

A karanta wannan darasi a bayyane, ɗalibi ɗaya yana karantawa sauran suna bin layi da yatsa, kuma duk wanda bai gane wata jimla ba ya ɗaga hannu a maimaita masa.

Tsoro halitta ne da Allah ya sanya a jikin kowa. Idan haɗari ya taso wa mutum, jikinsa yana sakin wani sinadari mai suna adirenalin, sai zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sauri, gumi ya keto, kuma da zarar haɗarin ya wuce jiki ya lafa. Ciwon fargaba shi ne waɗannan alamu su riƙa zuwa alhali babu abin tsoro a gaba, ko kuma damuwa ta zaunar da mutum kusan kullum har wata 6 ko fiye, ta hana shi barci da sana'a. Wani kuwa yana zaune lafiya a rumfarsa ta kasuwa sai gabansa ya yanke ya faɗi, ƙirjinsa ya matse, ya ɗauka ajali ne ya zo. Irin wannan yakan yi tsanani cikin 'yan mintoci, sannan ya sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da wannan ciwo, kuma mata sun fi maza yawa. Saboda haka kada wanda yake da shi ya ɗauka imaninsa ne ya yi rauni.

Darasi na 2

Wannan darasi aikatawa ake yi. Ka zauna a kan tabarma ko benci, ka saki kafaɗunka, ka ɗora hannu ɗaya a kan ciki. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 1 zuwa 4 a zuciyarka, har ka ji hannun ya ɗaga. Daga nan ka fitar da iskar ta baki a hankali, kana ƙirga 1 zuwa 6.

A wurin fitarwar ne kusan kowa yake tuntuɓe. Ɗalibi yakan shaƙa yadda ya kamata, amma sai ya watso iskar gaba ɗaya kafin ya kai 2, ya sake ja da ƙarfi. Wannan shi ne numfashin da fargaba take so, domin yana rage wa jini iskar kabon, wato wadda jiki yake fitarwa ta numfashi, fiye da kima, sai jiri ya zo, yatsu su fara tsikari, mutum ya ƙara tsorata. Fitarwa mai tsawo ita ce take rage bugun zuciya. Don haka ka tsuke leɓɓanka kamar mai hura kunu mai zafi, ka bar iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Shaƙa zuwa 4, fitarwa zuwa 6. Idan iskar ta ƙare maka a 4, ba laifi, Baba, sake gwadawa. Inna, ke ma kada ki karaya, da sannu zai zauna miki. Abin lura kawai shi ne fitarwa ta fi shaƙa tsawo.

A sake yi tare, malami yana ƙirgawa da ƙarfi: shaƙa zuwa 4, fitarwa zuwa 6, sau 10 a jere.

Akwai waɗanda suke yin wannan a aji kawai, su koma gida su manta, sai ranar da abin ya taso musu su ce dabarar ba ta aiki. Wannan sakaci ne, kuma dattijo bai kamata a riƙa bin sa da tuni a kan lafiyarsa ba. A yi shi kullum lokacin da jiki yake kwance, bayan sallar asuba da kuma kafin barci, kuma a kowane karo a tabbata fitarwar ta kai 6.

Darasi na 3

Zuciya tana da dabarun da take kare kanta da su daga abin da ya yi mata nauyi, sau da yawa ba da sanin mai ita ba. Wata masaniya 'yar ƙasar Ostiriya, Anna Freud, ta yi bayaninsu a littafin da ta fitar a 1936. Daga ciki akwai musu, wato mutum ya yi kwanaki bai runtsa ba amma ya ce shi lafiyarsa ƙalau, zafin Sakkwato ne kawai. Akwai huce haushi a kan wanda bai ji ba bai gani ba, kamar magidancin da ubangidansa ya ci masa fuska a wurin aiki, ya haɗiye, ya dawo gida ya rufe yara da faɗa. Ya bar jaki yana dukan taiki. Akwai kuma jingina wa wani abin da ke ranka, kai ne kake jin haushin ɗan'uwanka amma ka ce shi ne ya tsane ka.

Wadda ta fi ɓarna ga mai fargaba ita ce gujewa. Matar da gabanta ya taɓa faɗuwa a cikin cunkoson biki takan daina zuwa biki, ta ji sauƙi a ranar, daga baya ta daina zuwa suna da gaisuwar rasuwa, tsoron yana ƙara girma. Maganinsa komawa a hankali, daga ƙaramin taro zuwa babba, tare da numfashin darasi na 2.

Darasi na 4

Duk wanda ya ji ciwon ƙirji a karon farko ya je asibiti a duba zuciyarsa kafin a ce fargaba ce. Idan ciwon ya hana aiki ko barci, a je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Kware. A rage goro da shayi mai kauri, kuma kada a sayi ƙwayar barci a kemis ba da takardar likita ba.

Aikin gida: rubuta alamu 3 na ciwon fargaba a littafinka.