Yadda Ake Gardama Kan Jaruman da Ba Su Taɓuwa

Idan gardama ta kaure a teburin mai shayi a Wunti, cikin garin Bauchi, kan ko wuta za ta ci jarumin labarin da ke ratsa bango, a fara da tantance irin rashin taɓuwar tasa, domin ba iri ɗaya ba ne. Wanda jikinsa ke rikiɗewa ya zama ruwa bai tsira ba, tunda ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin zafi na Celsius, yana tafasa a 100, don haka mai sarrafa ƙanƙara zai kama shi cikin sauƙi. Mai zama hayaƙi kuwa, guguwa ce maganinsa.

Wanda ke ratsa komai shi ne mai wuyar sha'ani, kuma a nan ya kamata a tsaya. A tambayi mai kare shi: idan takobi yana wucewa ta cikinsa, me ya hana ƙasa haɗiye shi, kuma da wane huhu yake riƙe iska? Idan yana jin magana, to ƙara tana taɓa kunnensa, ke nan mai makamin ƙara ya samu ƙofa.

Kada a shigo da layar zana cikin wannan lissafi, domin mai ita ɓacewa yake yi daga ido kawai, sanda kuwa tana samunsa.