Yadda na gyara dodannin da ke mutuwa tare a wasana na Python

Alhamdu lillahi, matsalar ta kau. Ƙaramin wasa ne na jarumi da dodanni uku a cikin kogo, kowane dodo da rai 30. Da na sari ɗaya da takobi mai cin 10, sai duka ukun su koma 20. Sara uku kawai, kogo ya zama wayam.

Na fara zargin lissafin sara, na bi shi layi-layi, lafiya lau. Na cire random, wato sashen Python mai zaɓen lamba haka kawai ba tsari, matsalar ba ta kau ba.

Abin da ya tona asiri shi ne print(id(d)) a kan kowane dodo, wato buga lambar shaidar da Python ke bambanta kowane abu da ita. Lamba ɗaya ce ta fito sau uku. Ashe ga inda na yi ɓarna:

dodanni = [dodo] * 3

Wannan layin ba ya ƙirƙirar dodanni uku. Dodo guda ne aka nuna shi sau uku, don haka taɓa ɗaya taɓa duka ne.

Na gwada dodo.copy(), rai ya rabu. Amma akwai sauran rina a kaba: jakar kayansu jeri ce (list) a cikin dodon, copy kuwa saman abu kawai yake kwafa, don haka jaka ɗaya su ukun ke amfani da ita. Na ɗauke mabuɗi daga gawar ɗaya, ya ɓace a jakar sauran biyun.

Gyaran da ya zauna shi ne deepcopy, mai kwafar abu har da duk abin da ke cikinsa: a saman fayil na sa import copy, sannan

dodanni = [copy.deepcopy(dodo) for _ in range(3)]

Na sake buga id, lambobi uku daban suka fito. Yanzu wanda na sara kaɗai ke faɗuwa.