Yadda Ake Gano Abin Da Ke Sa Silon Babur Mai Inji Tu-Sitirok Ya Yi Sama

Baburan shiga daji irin su Yamaha DT125 da DT175 da AG100 da Suzuki TF125 duk inji tu-sitirok ne da su, wato masu ƙona fetur haɗe da baƙin mai. Idan ka saki totur amma injin ya ci gaba da kuka, ko ya ɗauki lokaci kafin ya sauko, kada hannunka ya fara zuwa kan sukurun silo, wato sukurun da ke daidaita kukan inji lokacin da ba a murɗa totur ba. A irin wannan inji, silo mai hawa yawanci yana nufin iska ta fi mai yawa. Kuma man da ke shiga shi ne yake sanyaya fistin, shi ne kuma yake ɗauko masa baƙin mai. Idan ya yi ƙaranci zafi zai ƙaru, fistin ya kama ko ya huje. Rage silo da sukundireba ɓoye ciwon ne kawai.

Ka tanadi sukundireba mai faɗi da mai sita, sufanun lamba 8 da 10 da 12, sufanar fulogi, gwangwanin feshin wanke kafireto, tsumma da ruwan sabulu. Ka yi aikin a fili, nesa da murhu da masu shan taba.

Idan injin ya zabura ya ƙi mutuwa ko da ka kashe makulli, ja cok, ko ka riƙe burki da ƙarfi, ka saka giya ta sama, ka saki kuloci a hankali har ya shaƙe.

Fara da wayar totur

Inji a kashe, murɗa totur ka sake shi. Ya kamata ya koma da kansa nan take, ka ji ƙas a cikin kafireto lokacin da fistin ɗinsa, wato ƙarfen da wayar totur ke ɗagawa ba fistin inji ba, ya sauka ƙasa. Hannun totur yana buƙatar ɗan wasa na milimita 2 zuwa 3 kafin ya fara jan waya. Idan babu, sassauta notin daidaitawa. Sai ka tayar da injin, ka juya kan babur dama da hagu har ƙarshe. Idan kukan ya canza, wayar ta yi gajere ko an bi da ita ta inda take maƙalewa a ƙarƙashin tanki.

A baburan da ke da famfon baƙin mai, wayar tana rabuwa biyu a cikin wani ɗan akwatin roba, ɗaya ta tafi kafireto, ɗaya ta tafi famfo. Ƙurar Kano tana taruwa sosai a nan. Buɗe shi ka wanke.

Kwance murfin saman kafireto ka zaro fistin da allurarsa. Duba ko sifirin ya karye, ko yashi ya karce jikin. Wajen mayarwa ka lura: akwai doguwar tsaga a gefe da za ta bi wani ɗan ƙarfe a cikin kafireto, ɗan yankan da ke ƙasa kuma yana kallon wajen iyakilina, wato matatar iska. Idan aka saka shi a juye zai tsaya a sama, kik ɗaya injin ya tashi da cikakken totur. Idan matsalar ta fara ne bayan an wanke kafireto, nan za ka fara zargi.

Gwajin cok

Bari inji ya yi zafi na kamar minti 5. Yana cikin wannan kukan, ja cok kaɗan. Idan ya sauko ya natsu, ka tabbatar mai ne ya yi masa kaɗan ko iska ta yi yawa. Cire fulogi ma zai faɗa maka: baki mai ruwan ƙasa lafiya ne, fari fat alamar zafi ce.

Kafireto

Sukuru biyu ne a gefe. Babban mai sifirin shi ne na silo, yana ɗaga fistin kafireto ne kurum. Ƙaramin shi ne na iska, kuma a yawancin waɗannan baburan fito da shi waje yana ƙara iska, shigar da shi yana ƙara mai. Murɗa shi ciki a hankali har ya zauna, kada ka matse don bakinsa na lalacewa, sannan ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Daga nan ka riƙa juyawa kwata-kwata, kana jira daƙiƙa 10 bayan kowace juyawa, har ka sami inda injin ya fi amsa totur da tsabta. Sai a lokacin za ka sauke silo da babban sukurun, wajen juyin inji 1,300 zuwa 1,500 a minti ga irin su DT, ko abin da littafin babur ɗinka ya ce.

Idan sai ka shigar da sukurun iska kusan ƙarshe kafin injin ya daidaita, mai yiwuwa ƙaramin jet na silo, ɗan ƙarfe mai rami da mai ke bi, ya toshe. Raminsa ƙanƙane ne ƙwarai, kuma man 'yan bumburutu da aka zuba daga galan mai datti yana toshe shi cikin sauƙi. Rufe famfon fetur na ƙasan tanki, cire kwanon ƙasan kafireto, kwance jet ɗin, ka fesa masa feshin wanke kafireto, ka ɗaga shi sama ka ga haske zagaye ta cikinsa. Iskar kwamfiresar mai faci tana fitar da abin da ya rage. Kada a soka masa allura ko wayar burki. Ramin zai buɗe, ba kuma zai sake daidaituwa ba. Fesa cikin ƙananan hanyoyin jikin kafireto ma, har ruwan ya fito ta ɗaya ɓangaren.

Duba fulot, abin da ke yawo a kan mai cikin kwano yana tsayar da shigarsa in ya cika. Idan an lanƙwasa harshensa mai ya zauna ƙasa a kwano, jet ba zai sha yadda ya kamata ba. Haka in matatar tanki ko ramin numfashin murfin tanki ya toshe. Shi ya sa babur ke yin kuka sama daf da mai zai ƙare masa.

Da hunturu iska ta fi sanyi da nauyi, don haka babur da ke lafiya a watan Afrilu yana iya neman a shigar da sukurun iska kwata ɗaya da safiyar Janairu. Wannan ba lalacewa ba ce.

Iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya

Idan kafireto ya fita tas amma silo na hawa da sauka da kansa, musamman in inji ya yi zafi, to iska na shiga ta bayan kafireto. Nan ne aikin yake.

Robar da ta haɗa kafireto da inji ita ce ta farko. Rana da fetur suna busar da ita ta tsattsage, kuma tsagar ba ta bayyana sai ka lanƙwasa ta da hannu. Duba kilif ɗinta ko ya saki. Inji na silo, fesa feshin wanke kafireto kaɗan-kaɗan a kan robar, da gasket ɗin rid bawul da ke tsakanin robar da inji, da gindin silinda, wuri ɗaya bayan ɗaya. Inda kukan ya canza, nan ne ɓarakar. Kada feshin ya kai bakin iyakilina, zai ruɗe ka, kada kuma ya taɓa salansa mai zafi.

Mutane da yawa suna cire famfon baƙin mai su koma haɗa shi da fetur a tanki, sai su bar ɗan bututun da tiyon man ke shiga a buɗe. Ƙaramin rami ne, amma ya isa ya cinye fistin. A toshe shi da kyau.

Roba in ta tsage, canza ta. Gam da salatif ba sa jure fetur da girgiza. In za ka saya a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, tafi da tsohuwar a hannu, ka gwada faɗin baki da tazarar ramukan noti, ka matsa sabuwar ka ji tana da laushi.

Oyil sil na kirankshaf

Robobi ne masu toshe inda kirankshaf ke fitowa daga jikin inji. Biyu ne, kuma kowanne da alamarsa. Na ɓangaren maganeto iska yake ja, shi ke sa silo ya hau. Buɗe murfin hagu. Idan ka ga danshin mai da ƙura ta manne a bayan maganeto, ya tafi. Na ɓangaren kuloci man giya yake ja: hayaƙi ya yi kauri da wari daban, fulogi ya riƙa jiƙewa, man giya ya riƙa raguwa alhali babu ɗigo a ƙasa.

Kama maganeto da hannu biyu ka girgiza sama da ƙasa. Ko ɗan motsi ka ji, boris ya ci, kuma sabon sil ba zai daɗe a kansa ba. Sai an raba inji. A cire maganeto da fula, wato ƙarfen zarewa da aka yi dominsa. Guduma da ƙarfen ɓanɓara suna lanƙwasa kirankshaf.

Gwajin da ke yanke gardama shi ne na matsa iska. A cire kafireto da salansa, a toshe ramin salansa na jikin silinda da yankin tif ɗin taya da farantin ƙarfe, a toshe bakin robar da kafireto ke shiga da abin toshi mai bawul da geji, fulogi na ɗaure, fistin a ƙasa. A buga iska da famfon keke har geji ya nuna psi 5 ko 6, kada a wuce, don sil na iya fitowa daga mazauninsa. Inji mai lafiya zai riƙe ta minti 5 ba tare da allurar geji ta sauka sosai ba. In ta sauka, shafa ruwan sabulu a gasket da sil da haɗin kes, ka nemi inda kumfa ke tashi. In babu kumfa a waje, buɗe murfin man giya ka saurara. Iska na fita ta nan idan sil ɗin kuloci ne.

Bayan gyara, mayar da sukurun iska zagaye ɗaya da rabi ka sake daidaitawa daga farko, domin tsohon saitin an yi shi ne a kan inji mai yoyo. Saka sabon fulogi, hau babur na kamar minti 15, ka cire ka duba launinsa. In har yanzu fari ne, kada a shiga daji da shi sai an sake gwaji.