Yadda za ka fitar da launin ruwan hoda daga jan kabeji

Duba bakan gizo da kyau, ba za ka ga ruwan hoda a cikinsa ba. Ja ne aka sirka da farin haske, ido ya karɓa, ƙwaƙwalwa ta ɗauke shi launi na daban. Maganar ta fi shiga kai idan mutum ya gan ta a kofi, shi ya sa nake son wannan gwajin.

Abin da za ka tanada kaɗan ne: rabin jan kabeji, ruwan zafi, rariya, lemon tsami, bekin soda, da kofunan gilashi huɗu. Lallai na gilashi, don a kofin roba mai launi ba za ka ga komai ba.

Yanka kabejin ƙanana-ƙanana, ka zuba masa tafasasshen ruwa ya sha kansa, ka rufe kamar minti 15. Ni ba na ɗora shi a wuta ya yi ta tafasa, saboda zafi mai tsawo yana lalata sinadarin da muke nema, ga kuma warin da zai cika ɗaki. Ka tace. Ruwan zai fito shunayya mai duhu, wani lokacin ya karkata zuwa shuɗi idan ruwan famfonku yana da ɗan alkalin, wato kishiyar asid mai tsami. Sinadarin da ya rina shi sunansa antosayanin, shi ne kuma yake rina inabi da furanni da yawa.

Zuba ruwan a kofi biyu. A na farko ɗiga lemon tsami, ɗigo ɗaya-ɗaya, kada ka yi gaggawa. Inda ɗigon ya sauka za ka ga ja ya tashi kamar hayaƙi yana ratsa shunayyar, kafin ka juya cokali kofin duka ya koma ja. Abin da ya faru shi ne, asid ya sauya ƙirar ƙwayar antosayanin, sai ta koma shanye koren haske. Idan aka cire kore daga farin haske, abin da ya rage ya iso ido shi ne ja da ɗan shuɗi.

Amma fa wannan ja ne, bai kai ruwan hoda ba tukuna, kuma nan mutane da yawa suke tsayawa. Ɗebi cokali biyu na jan ka zuba a kofi na uku, ka yi ta ƙara masa ruwa zalla, ka riƙe farar takarda a bayansa. Ga ruwan hoda nan. Sinadarin bai canza ba, yawansa ne ya ragu, don haka farin haske da yawa ya samu hanyar wucewa.

A kofi na biyu sa ɗan bekin soda, kamar rubu'in ƙaramin cokali. Zai koma shuɗi, har ya nufi kore. Ɗiga masa lemon tsami, zai yi kumfa, ja ya dawo. Tun a 1664 masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana irin wannan gwaji da ruwan furen bayolet.

Kada ka ɗauka kowane ruwan hoda haka yake samuwa. A ɗakin gwaji akwai wani sinadari mai suna finolftalin, wanda masanin kimiyya Adolf von Baeyer ya haɗa a 1871, kuma shi akasin kabeji ne: a cikin asid ba shi da launi ko kaɗan, sai ma'aunin pH, wato ma'aunin asid da alkalin, ya haura 8.2 zuwa ɓangaren alkalin yake yin ruwan hoda. Tsuntsun filamingo kuwa da launin toka yake ƙyanƙyashewa, sinadarin karotinoyid da ke cikin gansakuka da ƙananan jatan lande da yake ci ne ke rina gashinsa. Tafkin Retba na Senegal ma wata gansakuka mai son gishiri ce ta ba shi launinsa.

Kofi na huɗu, shi ma da ruwan kabejin a ciki, na gwada abin da ka ga dama ne, ruwan sabulu ko lemon kwalba mara launi. Abu ɗaya ne na hana: bilic. Yana kashe launin gaba ɗaya, kuma idan ya haɗu da asid yana fitar da iskar kulorin mai cutar da huhu. Ragowar ruwan kabejin ka sa shi a firji, zai yi 'yan kwanaki kafin ya fara wari.